Ba jifan Brownlee ne kaɗai ya fitar da Saudiyya ba

Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidan. Daga Jidda nake karanta jaridarku a waya, kuma na sani sarai 'yan ƙwallon ƙafa ne suka gaje shafinku na wasanni: yau Arsenal, gobe Madrid, jibi cinikin 'yan wasa. Ba ni da ja a kan haka, ni ma ina kallo. Sai dai gasar ƙwallon kwando ta ƙasashen Asiya a garin nan aka yi ta, daga 5 zuwa 17 ga watan Agusta na 2025, a babban ɗakin da ke birnin wasanni na Sarki Abdullah, can arewacin gari. Tun daren da aka fitar da masu masauki, akwai maganar da 'yan'uwana Hausawan nan suke ta nanatawa a wurin shayi da bakin masallaci, ita kuwa ta ƙi kwanta mini a rai. Shi ya sa nake roƙon ɗan fili.

Cewa suke yi rashin sa'a ne ya fitar da Saudiyya. Wai an taka rawar gani, an riƙe gaba har saura daƙiƙu, sai wani mutum ɗaya ya wurga ƙwallo daga nesa, Allah ya ba shi. Ni na yi wasan nan a Kano ina saurayi, kuma ina cikin ɗakin a daren, don haka nake ganin ina da bakin magana. Tsaro ne ya ci amanar Saudiyya, kuma alamun haka sun bayyana tun wasan farko na gasar.

Ga yadda abin ya kasance, saboda wanda bai bi ba. Ƙasashe 16 aka raba rukuni huɗu. Wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa ya wuce kai tsaye zagayen 'yan takwas, na biyu da na uku kuma sai sun kara da takwarorinsu na wani rukunin, wanda aka doke ya kama hanyar gida. Saudiyya ta zo ta biyu a bayan Sin. Filifin ta zo ta uku a nata rukunin, da ƙyar da jiɓin goshi, domin Taiwan ta doke ta, Niyu Zilan ta doke ta, Iraƙi kaɗai ta iya yi wa galaba. Su biyun suka haɗu ranar Litinin 11 ga Agusta da daddare. Saura daƙiƙu kaɗan a tashi Saudiyya na da maki 79, Filifin na da 76. Justin Brownlee na Filifin ya karɓi ƙwallo a bayan layin maki uku ya jefa, ta shiga, agogo na nuna saura daƙiƙa 3.7. Aka yi canjaras, aka ƙara minti biyar, aka tashi Filifin 95, Saudiyya 88.

To, Edita, ka dubi sakamakon wasanni huɗun da Saudiyya ta buga a gasar, za ka ga wani abu da masu maganar sa'a ba sa faɗa. Da Sin an ci ta 93 da 88. Da Jodan ta ci 77 da 73. Da Indiya ta ci 84 da 59. Da Filifin an ci ta 95 da 88. Wasanni biyun da ta fi zuba maki, 88 nan 88 can, su ne biyun da ta faɗi. Biyun da ta ci kuwa makinta bai kai haka ba, amma ta hana abokin karawa wuce 73. Ashe zuba ƙwallo a kwando bai taɓa zama matsalarta ba. A wasan minti arba'in, maki 88 sun ishi kowace ƙungiya ta kwana da farin ciki, in dai ta san yadda ake rufe ƙofa.

Mu dawo kan jifan nan da ake ta zance. Jifa ne mai wuya, ban hana ba, kuma na jinjina wa wanda ya yi shi. Amma wane ne Brownlee? Mutum ne ɗan shekara 37 a lokacin gasar, haifaffen Amurka da ya karɓi takardar zama ɗan Filifin, kuma wannan aikin shi aka san shi da shi. A wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023, shi ne ya zuba maki 33 a wasan kusa da na ƙarshe, ya jefa masu maki uku guda biyu a dab da tashi, Filifin ta kifar da Sin 77 da 76 a gaban mutanenta. Daga nan suka doke Jodan suka ɗauki zinare, wanda rabonsu da shi tun 1962. Akwai wani ɗan Filifin da muke aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki tare, washegari ya ce da ni ko 'yarsa ƙarama da ke can gida ta san hannun wa za a miƙa wa ƙwallon. To in yarinya a wata nahiyar ta sani, mutum biyar da ke cikin fili da kocinsu a gefe ai ba sa buƙatar a gaya musu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan zan ɗan tsaya, domin a nan gardamar take, kuma na lura yawancin masu kallonmu ba su san akwai zaɓi ba.

Idan kana gaba da maki uku, saura daƙiƙu ƙasa da goma, ƙwallo kuma a hannun abokan gaba, hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ka yi keta da gangan kafin mutum ya ɗaga hannu. Ka kai wa ƙwallon hannu, ka haɗa da damtsensa, alƙali ya busa. Iyakar abin da za a ba shi jifan kyauta biyu ne daga layi, maki biyu ke nan, shi kuwa uku yake nema. Kafin ya kamo ka sai ya zura na farko, ya kuskure na biyu da gangan amma ƙwallon ta taɓa ƙarfen kwando, wani nasa ya riga dogayenku cafkewa, sannan wancan ɗin ma ya jefa ta shiga kafin agogo ya ƙare. Abu huɗu a jere, kowanne sai ya zo daidai. Ka kwatanta wannan da abu ɗaya tak da gwani irin Brownlee yake buƙata: ya ɗaga, ya saki.

Ban ce hanyar ba ta da haɗari ba. Idan ka makara da ƙiftawar ido, ka taɓa shi yana cikin jifa, jifan kyauta uku za a ba shi, in kuma ƙwallon ta shiga a ƙara masa ɗaya, ka ga ka ba da wasa da hannunka. Dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ma ta fi ta Amurka tsanani a nan. Wanda ya rungume mutum ko ya ja masa riga ba tare da neman ƙwallo ba, alƙali na iya ɗaukarsa a matsayin ketar rashin da'a, a ba su jifa biyu kuma a sake ba su ƙwallo. Idan kuma aka yi ketar tun kafin mai jefo ƙwallo daga gefen fili ya sake ta, a mintuna biyun ƙarshe, za a ba su jifa ɗaya, ƙwallo kuma tana nan a hannunsu. Saboda haka abin yana da ɗan ƙanƙanin lokacinsa: bayan ya karɓa, yana cikin buga ta a ƙasa, kafin ya tattara ta. Wannan ba a koyonsa a hutun minti ɗaya da koci ke zana layuka a allo, ana ihu a ɗaki. A filin atisaye ake maimaita shi har ya zauna a jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ta biyu ita ce kada a taɓa kowa, amma a sallama musu maki biyu. Duk mutum biyar su fito bakin layin maki uku su tsaya, a bar ƙarƙashin kwando wayam. Wanda ya ga dama ya shiga ya zura, ai har yanzu kana gaba da ɗaya kuma ƙwallo ta dawo hannunka. Duk shingen da suka yi wa ɗayanku da jiki, na kusa ya karɓi mutumin nan take, ba jira, ba zagaye. Gwanin nasu kuwa mutum biyu ake ɗora masa tun kafin ƙwallo ta taso, a tilasta wa wani daban ya yi jifan. In wancan ya zura, to a nan ne za ka ɗaga hannu ka ce Allah ya ba su. Amma abin da idon kowa ya gani a daren shi ne ƙwallo ta isa hannun mutumin da duk ɗakin ke kallo, ya sami sararin ɗagawa, ya saki.

Kada a ce ina yi wa Saudiyya kaɗai tsiya. Manyan duniya sun faɗa ramin nan. A wasa na shida na ƙarshen gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2013, San Antonio Spurs na gaba da maki uku, kofi saura ƙiris ya zama nasu. Kocinsu Gregg Popovich ya fitar da dogonsa Tim Duncan ya sa masu sauri. LeBron James ya jefa ya kuskure, Chris Bosh ya cafke ƙwallon da ta dawo, ya miƙa wa Ray Allen a kusurwa, ya zura saura daƙiƙa 5.2. Miami ta ci a ƙarin lokaci, ta ci wasa na bakwai, ta ɗauke kofin. Har gobe mutane jifan Allen suke tunawa. Ni kuwa hannun Bosh nake tunawa, domin da an tare shi da baya an hana shi ƙwallon nan, da babu wani jifa da za a ba da labari.

Akwai wani dattijo a cikinmu, haifaffen Makka ne, iyayensa suka zo da ƙafa ta Sudan tun zamanin da tafiyar hajji ke cin shekaru. Baffa muke ce masa. Da na gama irin wannan bayanin a wurin shayi sai ya ajiye kofi ya ce, “Kai ɗan nan, abin da Allah ya rubuta ko mutum goma ka sa masa sai ta shiga.” Na ce, “Gaskiya ne, Baffa, Allah ya ƙara girma. Amma ai ku kuka karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.” Ya yi dariya ya ce in sha shayina kada ya huce. Ban ci gaba ba, ba a jayayya da babba. A jarida dai ina iya ƙarasawa.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba jifan ba ne, mintuna biyar ɗin da suka biyo baya ne. Wasa ya koma sabo, 79 da 79, a gidanka, a gaban jama'arka. A minti arba'in na farko Filifin ta sami 79, wato kusan maki goma a kowane minti biyar. A minti biyar na ƙari ta sami 16. In da haka aka yi ta ba su tun farkon wasa, da sun tashi da 128. Saudiyya kuwa tara ta samu, kusan abin da ta saba samu ke nan. Hannunta bai mutu ba. Ƙafafu ne suka mutu. Daga inda nake zaune ina ganin yadda ake isa wurin mai jifa a makare, ana ɗaga masa hannu bayan ya riga ya saki, ana waiwayen juna bayan ƙwallo ta shiga kamar kowa na tambayar na wane ne wannan.

Akwai dalili, kuma yana cikin lissafin makin. Muhammad-Ali Abdur-Rahkman, wanda ya yi wasa a jami'ar Michigan kafin ya sa rigar Saudiyya, ya zuba 33. Dogon nan Mohammed Alsuwailem ya zuba 26. Su biyu kaɗai 59 cikin 88, kashi biyu bisa uku ke nan. Sun cancanci yabo, kuma Alsuwailem ɗan wasa ne da zan biya kuɗina in sake kallo. Amma mutum ba inji ba ne. Wanda aka ɗora wa kayan neman maki tun farkon wasa, duk harin da za a kai sai ta hannunsa, idan aka shiga minti na arba'in da uku ba shi da sauran gwiwar da zai durƙusa ya bi mutum gefe da gefe. Su kuwa 'yan Filifin, Brownlee ya ba da 29, sannan AJ Edu da Kevin Quiambao kowannensu ya kawo 17. In an taru a kan babban, yaran suna nan a buɗe, kuma sun zura. Ƙungiyar da nauyin harinta ya rataya a wuyan mutum biyu, tsaronta ne ke biyan bashin a ƙarshen wasa.

Kwana biyu bayan haka, Filifin ɗin nan dai, da Brownlee ɗin nan dai, suka haɗu da Ostireliya a wannan ɗakin. Maki 60 suka iya samu, aka ba su 84. Ostireliya ta je ta ɗauki kofin da tazarar maki ɗaya a kan Sin, 90 da 89, karo na uku ke nan a jere tun da ta shigo gasar Asiya a 2017. Na san ba a haɗa ƙarfin Ostireliya da na Saudiyya. Amma ka kalli yadda suke yi: mai ƙwallo ba ya tsallake rabin fili ba tare da wani ya manne masa ba, kuma koci na canza mutane akai-akai don kada ƙafar kowa ta yi sanyi. Wannan ba sai kana da tsawon mita biyu da ɗoriya ba.

Na faɗi duk wannan ba don ina da ƙulli da 'yan wasan Saudiyya ba. Ƙasar nan a cikinta nake cin abinci, kuma ina cikin masu tafa musu. Sun taɓa zuwa na uku a Asiya a 1999, garin Madina da Jidda kuma suna da tsofaffin ƙungiyoyin ƙwallon kwando, Uhud da Ittihad da Ahli, waɗanda yara baƙaƙe irin namu suka daɗe suna sa rigunansu. Damuwata ta fi karkata ga yaranmu, na nan da na gida.

Akwai wani ɗan fili kusa da inda muka koma da zama bayan rushe-rushen unguwannin kudancin Jidda na 2022. Bayan sallar isha'i, in zafi ya ɗan sassauta, samari kan taru a wurin. Ɗan yayata na cikinsu. Yaron na da hannu, ban raina masa ba. Amma da zarar ƙwallo ta bar hannun ƙungiyarsu sai ya miƙe tsaye cak, hannuwa a kunkumi, yana jiran a dawo masa da ita. Na kira shi gefe na ce ya lanƙwasa gwiwa, ya buɗe ƙafa, ya daina kallon ƙwallo ya kalli cibiyar wanda yake tsaro, domin ido da kafaɗa suna yaudara amma ciki ba ya zuwa inda mutum ba zai je ba. Ya ce, “Kawu, ai wannan wasan da ne. Yanzu wa ke kallon tsaro?” Ya zaro waya ya nuna mini Stephen Curry yana jefawa daga kusan tsakiyar fili.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Gutsattsarin bidiyon da ke yawo a TikTok na daƙiƙa goma sha biyar ne, kuma ba wanda zai yanko maka inda mutum ya bi abokin karawarsa taku bakwai har ya gaji ya miƙa wa wani. Ba wanda zai yanko muryar na baya yana ihu “shinge a hagunka!” don na gaba ya sani kafin ya yi karo. Alhali rabin tsaro da baki ake yinsa. Na baya shi ke ganin fili duka, na gaba bayansa makaho ne. Malaminmu na wasanni a sakandare yakan hana mu ƙwallo gaba ɗaya a farkon atisaye, sai zamiya gefe da gefe daga wannan layi zuwa wancan har cinya ta ɗau wuta, kuma duk wanda ya yi shiru a tsaro, fita zai yi ya zauna ko da shi ya fi kowa maki. A lokacin muna ganin mugunta ce.

Sannan akwai maganar ƙwallon da ta daki ƙarfe ta dawo. Yaranmu da sun ga an jefa sai kowa ya ɗaga kai sama yana jiran ta faɗo masa. A'a. Da an saki ƙwallo, mutum ake nema tukuna, a juya masa baya, a tokare shi, sannan a nemi ƙwallo. Ku yi tsaro mai kyau na daƙiƙa 24 cur, wato iyakar lokacin da ake ba masu ƙwallo su jefa, su jefa su kuskure, in suka sake cafkewa an ba su sabbin daƙiƙa 14, duk gumin da kuka yi ya tafi a banza, ga gajiya ta ƙaru.

Abin haushin shi ne mu 'yan Najeriya mu ne bai kamata a koya wa wannan darasin ba. Babban gwarzon da muka ba duniya a wasan nan, Hakeem Olajuwon, har yau ba wanda ya kai shi kaɗe jifa a tarihin NBA: 3,830. Yana yaro a Legas gola yake tsarewa a ƙwallon ƙafa, kuma ƙafafun nan da idon nan ya tafi da su Houston. Kyautar gwarzon mai tsaro ta NBA yanzu sunansa take ɗauke da shi. A wasa na shida na ƙarshen gasar 1994, Houston na gaba da maki biyu, John Starks na New York ya ɗaga zai jefa mai maki uku da zai ba su kofi. Olajuwon ya taso ya taɓa ƙwallon da yatsunsa, ta faɗi ba ta kai ba, aka tashi 86 da 84, Houston ta ci wasa na bakwai. Yanayi kusan iri ɗaya da na Jidda: gwani, bayan layi, daƙiƙun ƙarshe. Bambancin kawai an sami wanda ya iso a kan lokaci.

Ga kuma namu na Arewa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallon kwando. Da yake shugabantar Toronto Raptors, a 2018 ya ba da DeMar DeRozan, wanda ya fi kowa zuba musu maki kuma jama'ar garin ke ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard, gwarzon mai tsaro har sau biyu. Watanni bayan haka ya ƙaro Marc Gasol, shi ma ya taɓa cin wannan kyautar. An zage shi a lokacin. A 2019 Toronto ta ɗauki kofinta na farko a hannun Golden State, ƙungiyar Curry ɗin nan da ɗan yayata ke nuna mini. Har akwai lokacin da kocinsu Nick Nurse ya sa mutum huɗu suka tsare yanki, na biyar ya manne wa Curry duk inda ya sa ƙafa, dabarar da aka fi gani a wasan 'yan makaranta. Bai ji kunyar yin ta a gaban duniya ba.

Mun kuma ɗanɗana ɗaya ɓangaren. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta ci Najeriya 156 da 73. Sun zura masu maki uku guda 29, Carmelo Anthony kaɗai ya kwashi 37 cikin kusan minti goma sha huɗu. Ranar ba a ji daɗin zama ɗan Najeriya a gaban talabijin a ƙasar waje ba, abokan aiki Larabawa sun yi mako suna tsokana. Shekara tara bayan haka, a wasan sada zumunci a Las Vegas, Najeriya ƙarƙashin koci Mike Brown ta doke Amurka 90 da 87. An yi ta maganar jifa ashirin masu maki uku da muka zura, kuma sun cancanci magana. Amma ƙungiya mai Kevin Durant da Damian Lillard aka tsayar a 87, har Precious Achiuwa ya kaɗe wa Durant ƙwallo a bakin kwando. Matanmu ma haka: a Olamfik ta Faris a 2024, D'Tigress ƙarƙashin Rena Wakama sun tsayar da Ostireliya a maki 62 suka ci da 75, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. A farkon Agustan 2025 kuma suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere a Abijan. Duk wanda ya kalle su ya san da matsi da ƙwace suke karya ƙungiya.

Roƙona gare ka, Edita, bai da yawa. Idan wakilinku zai ba da labarin ƙwallon kwando, ko na D'Tigers, ƙungiyar mazan Najeriya, ne ko na Kano Pillars a ɗakin wasa na Ƙofar Mata, kada ya tsaya a kan wane ne ya fi zuba maki. Ya gaya mana nawa aka ci ƙungiyar a kowane zango, wa ya fi cafke ƙwallon da ta dawo, sau nawa aka ƙwace, wa aka ɗora wa gwanin abokan karawa kuma yaya suka ƙare. Alƙaluman nan suna cikin takardar da ake fitarwa bayan kowane wasa, ɗauka kawai za a yi. Yaro in ya ga an buga sunan mutum a jarida saboda ya hana wani sakat, shi ma zai so a buga nasa.

Gasar cin kofin duniya ta 2027 a Ƙatar za a yi ta, nan maƙwabta, kuma wasannin neman gurbi sun fara a watan Nuwamba na 2025, Saudiyya a ɓangaren Asiya, Najeriya a ɓangaren Afirka. In kun ba da fili, duk wasan da aka buga a Jidda zan je in kalla in aiko muku da abin da na gani, ba sai kun biya ni ko riyal ɗaya ba.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando,
Jidda, Saudiyya.